Tambayoyi da Amsoshi Kan Muhawarar Bai wa Malaman Makaranta Bindiga

Duk lokacin da aka ji ɗan bindiga ya faɗa wata makaranta a Amurka, ko ɓarayin daji sun kwashi ɗalibai a arewacin Najeriya, sai ka ji wani ya ce, "To me zai hana a ba malamai bindiga su kare kansu da yaran?" Iyaye na tambaya, malamai na tambaya, haka ma 'yan uwanmu mazauna Amurka da 'ya'yansu ke karatu a can. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa. Yawancin amsoshin sun shafi Amurka ne, domin can ne maganar ta tashi daga fatar baki ta zama doka. Na ƙarshe-ƙarshen kuma sun dawo gida.

1. Me ake nufi da bai wa malamai bindiga? Kowane malami za a rataya wa?

A'a. Babu jihar da ke tilasta wa malami riƙe makami. Abin da ake yi shi ne a ba wanda ya nuna sha'awa izinin shiga makaranta da ƙaramar bindiga, bayan an binciki tarihinsa, a wasu wuraren kuma a gwada lafiyar ƙwaƙwalwarsa. Wani yana ɓoye ta a jikinsa ƙarƙashin riga, wani yana kulle ta cikin akwatin ƙarfe a aji. Kuma ba malaman aji kaɗai ba, har da shugaban makaranta, da mai horar da 'yan wasa, da ma'aikatan ofis.

Kada a haɗa wannan da ɗan sandan da ake girkewa a makaranta. Shi wannan aikinsa ke nan, da kakinsa, kowa ya san shi. Rigimar tana kan mutumin da aka ɗauka don ya koyar da lissafi ko tarihi, sannan aka ɗora masa aikin harbi.

2. Daga ina maganar ta samo asali?

Harin makarantar Columbine a jihar Colorado, ranar 20 ga Afrilun 1999, shi ya fara girgiza Amurkawa, inda ɗalibai biyu suka kashe 'yan uwansu 12 da malami ɗaya a ranar. A 2008 wata ƙaramar gundumar karkara a Texas mai suna Harrold ta fara barin ma'aikatanta su riƙe bindiga, bisa hujjar cewa ofishin 'yan sanda mafi kusa tafiyar kusan rabin awa ce.

Amma maganar ba ta cika gari ba sai bayan 14 ga Disambar 2012, ranar da aka kashe ƙananan yara 20 da ma'aikata 6 a firamaren Sandy Hook da ke Connecticut. Mako guda bayan haka, Wayne LaPierre, jagoran ƙungiyar masu bindiga ta NRA a lokacin, ya fito ya ce ba abin da ke tsayar da mugu mai bindiga sai mutumin kirki mai bindiga. A 2013 jihohin South Dakota da Texas suka yi dokoki a kan haka. Sai harin Parkland na jihar Fulorida, 14 ga Fabrairun 2018, da ya ci rayuka 17. Kwanaki kaɗan bayansa Shugaba Donald Trump ya ba da shawarar a horar da wani kaso na malamai su riƙe makami, a kuma ƙara musu alawus. Tun daga nan wasu manyan hare-hare sun haifar da sababbin dokoki irin wannan a wasu jihohi.

3. Me ya sa a Amurka aka fi jin wannan gardama?

Saboda yawan bindigar da kuma matsayinta a doka. Gyara na biyu da aka yi wa kundin tsarin mulkin ƙasar a 1791 ya ba jama'a 'yancin mallakar makami. A 2008 Kotun Ƙoli ta ce wannan 'yanci na kowane mutum ne a karan kansa, a 2022 kuma ta ce ya haɗa da fita da bindiga waje don kare kai. Wata cibiyar bincike da ke Janiba ta ƙiyasta a 2018 cewa bindigogin da ke hannun fararen hula a Amurka sun kai miliyan 393, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. Alƙaluman hukumar lafiya ta ƙasar kuma sun nuna cewa a 2020 harbin bindiga ya zarce haɗarin mota wajen kashe yara da matasa.

Inda rage bindiga ya gagara, sai tunani ya karkata ga ƙara ta a hannun wanda ake ganin na kirki ne. Amsa ta 12 ta yi bayanin abin da ya sa ragewar ta gagara.

4. Doka ta yarda a shiga makaranta da bindiga a can?

Akwai dokar tarayya ta 1990 da ta haramta bindiga a cikin makaranta da kewayenta har tsawon ƙafa 1,000, amma ta bar ƙofa ga wanda jiha ta ba lasisi. Saboda haka maganar ta koma hannun jihohi, kuma fiye da rabin jihohi 50 sun yarda da wani nau'i na wannan tsari. A yawancinsu hukumar ilimi ta gunduma ce ke da ta cewa, don haka sai ka ga gunduma ta karɓa, maƙwabciyarta ta ƙi.

Bambancin yana da faɗi. A Utah, malamin da ke da lasisin ɓoye bindiga a jiki yana iya shiga aji da ita ba tare da ya sanar da kowa ba. Fulorida ta kafa shirinta a Maris na 2018, ta sa masa sunan Aaron Feis, mai horar da 'yan wasan da ya mutu a Parkland yana kare ɗalibai da jikinsa. Da farko an cire malaman aji daga ciki, sai a 2019 aka shigar da su. Tennessee ta yi tata a Afrilun 2024, shekara guda bayan an kashe yara 3 da manya 3 a wata makaranta a Nashville. A ɗaya ɓangaren kuma, Kalifoniya a 2017 da New York a 2019 sun ƙwace ikon ba da irin wannan izini daga hannun hukumomin makarantu.

5. Horon awa nawa ake ba malamin?

Ya danganta da jiha. Fulorida na buƙatar awa 144, shirin jami'an tsaron makaranta na Texas awa 80, Tennessee awa 40. Ohio ce ta fi jawo surutu. A 2021 babbar kotun jihar ta yanke cewa ma'aikacin makarantar da zai riƙe bindiga sai ya yi cikakken horon ɗan sanda, wanda ya haura awa 700, ko ya taɓa yin aikin ɗan sanda shekara 20. A Yunin 2022 sai Gwamna Mike DeWine ya sa hannu a dokar da ta mayar da shi awa 24.

Wannan ne wurin da ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Cibiyar bincike ta RAND da ke Amurka ta taɓa duba bayanan 'yan sandan birnin New York daga 1998 zuwa 2006, ta gano cewa idan ana musayar wuta, kashi 18 cikin 100 ne kawai na harsasan da suka harba suke samun wanda aka nufa. Waɗannan mutane ne da harbi ke cikin aikinsu. Sauran kashi 82 ɗin wani wuri suke zuwa, kuma a cikin makaranta wannan wurin cike yake da yara masu gudu.

6. Mece ce hujjar masu goyon baya?

Lokaci. Mai harbin Parkland bai wuce kimanin minti 6 a cikin ginin ba. A karkarar Texas ko South Dakota, kafin motar 'yan sanda ta iso an riga an gama ɓarna. Suna cewa a cikin waɗannan mintoci malami ne kaɗai babba a wurin, kuma an sha gani yana tarar mutuwa hannu rabbana. Shugabar Sandy Hook, Dawn Hochsprung, fitowa ta yi ta nufi maharin ba ko sanda a hannunta. Me zai sa, in ji su, a hana irin wannan jaruma abin da za ta kare kanta da shi? Suna kuma kawo labarin garin Pearl na Mississippi a 1997, inda mataimakin shugaban makaranta ya ruga motarsa ya ɗauko bindiga, ya tsare ɗalibin da ya yi harbi har 'yan sanda suka zo.

Akwai batun kuɗi ma. Ƙaramar gunduma ba ta da abin biyan ɗan sanda a kowace makaranta, horar da malami ɗaya ko biyu ya fi araha. Kuma ba masu tsattsauran ra'ayi kaɗai ke faɗin haka ba. Bob Gualtieri, shugaban 'yan sandan wata gunduma a Fulorida, wanda ya jagoranci kwamitin binciken harin Parkland, da farko ba ya goyon baya, amma bayan ya kalli hotunan kyamarorin makarantar ya sauya ra'ayi, kwamitin nasa kuma ya ba da shawarar a bar malaman da suka yarda su riƙe makami. Wanda duk ya raina wannan hujja bai taɓa zama inda taimako ke da nisa ba.

7. Su kuma masu adawa fa?

Suna cewa harin ɗan bindiga, duk da muninsa, abu ne da yawancin makarantu ba za su taɓa gani ba, amma bindigar malami kullum tana cikin aji, kwana 180 a shekara. A cikin waɗannan kwanaki ana mantuwa, ana fushi, ana faɗa tsakanin ɗalibai, kuma akwai yaron da zuciyarsa ke raya masa ya kashe kansa. An sha samun bindigar da ma'aikaci ya manta a ban-ɗakin makaranta. A Maris na 2018 wani malami a garin Seaside na Kalifoniya, wanda ɗan sandan wucin gadi ne ma, ya harba bindiga bisa kuskure yana cikin darasin kiyaye lafiyar jama'a, har ɗalibi ya ji rauni. Makonni biyu kafin nan wani malami a Dalton ta jihar Jojiya ya kulle kansa a aji ya yi harbi ta taga.

Sai matsalar ranar harin kanta. Ɗan sandan da ya faɗo gini ya ga babban mutum cikin farin kaya riƙe da bindiga, ta yaya zai tantance malami ne ko mahari? Iyayen ɗalibai baƙar fata na da nasu tsoron daban, domin alƙaluman ma'aikatar ilimi sun daɗe suna nuna cewa 'ya'yansu sun fi shan hukunci a makaranta, kuma ba sa son a ƙara bindiga cikin wannan lissafi.

Abin da ya fi nauyi a ganina shi ne wanene maharin. Sau da yawa ɗalibin makarantar ne, ko wanda bai daɗe da barinta ba. Ana neman malami ya ɗaga bindiga ya auna yaron da ya koyar, ya san sunansa, ya san mahaifiyarsa, kuma ya yanke wannan shawara cikin ƙiftawar ido.

8. Amma da akwai mai bindiga a wurin, ai da an tsayar da maharin?

A manyan hare-hare da dama akwai shi. Columbine na da ɗan sanda mai makami, ya yi musayar wuta da ɗaya daga cikin maharan a waje, amma hakan bai hana kisan ba. A Parkland ɗan sandan makarantar ya tsaya a wajen ginin bai shiga ba. An gurfanar da shi a kotu, a 2023 aka wanke shi. Mafi ciwo shi ne Uvalde ta Texas, 24 ga Mayun 2022, inda aka kashe yara 19 da malamai 2. Jami'an tsaro 376 ne suka taru a wurin, amma sai da aka shafe minti 77 kafin a shiga ajin da maharin yake, alhali yara na ciki suna kiran lambar agaji a waya.

Akwai kuma inda abin ya yi amfani. A Nashville a 2023 'yan sanda sun shiga kai tsaye suka kashe mai harbin cikin kimanin minti 14 da kiran farko. A makarantar Apalachee ta Jojiya a Satumbar 2024, 'yan sandan makarantar sun tare maharin ya miƙa wuya, bayan ya kashe mutum 4. Kowane ɓangare na ɗaukar misalin da ya yi masa daɗi. Abin lura dai shi ne, a waɗannan wurare biyu ƙwararrun jami'ai ne suka yi aikin, kuma ko a can sai da aka rasa rayuka tukuna.

9. Akwai binciken da ya nuna ko tsarin yana aiki?

RAND, wadda ta daɗe tana tace binciken da aka yi kan dokokin bindiga, ta ce ba ta samu ingantaccen nazarin da ya nuna tasirin bai wa ma'aikatan makaranta makami ba, ko ta fuskar alheri ko ta sharri. Wani ɓangare na dalilin siyasa ce: a 1996 Majalisar Dokoki ta sa wani sharaɗi a kasafin kuɗi da ya sa hukumar lafiya ta ja da baya daga binciken harbe-harbe fiye da shekara 20, sai a ƙarshen 2019 aka sake ware kuɗi.

Abin da aka fi sani shi ne yadda hare-haren ke faruwa. Hukumar da ke tsaron shugaban ƙasa ta yi nazarin hare-hare 41 da aka kai makarantu daga 2008 zuwa 2017. Ta gano cewa yawancin maharan sun nuna alamun da suka tayar wa wasu hankali tun kafin ranar, da yawa sun faɗa wa wani niyyarsu, kuma mafi yawan waɗanda suka yi amfani da bindiga daga gidan iyaye ko dangi suka ɗauko ta. Shi ya sa shari'ar Oxford ta jihar Michigan ta zama abin magana: yaro ya kashe ɗalibai 4 a 2021 da bindigar da mahaifinsa ya saya, a 2024 kotu ta ɗaure uwa da uban shekara 10 zuwa 15.

10. Su malaman da kansu me suke cewa?

Mafi yawansu ba sa so. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup a Maris na 2018 ta nuna kashi 73 cikin 100 na malamai na adawa. A wani binciken RAND na 2022, kashi 54 sun ce hakan zai ƙara haɗari, kashi 20 sun ce zai ƙara tsaro, kashi 19 kuma sun ce su za su so su riƙe. Manyan ƙungiyoyin malamai biyu na ƙasar, NEA da AFT, duk sun ƙi. Bayan Parkland malamai sun cika intanet da hotunansu riƙe da kwalaye, suna cewa in makami za a ba su, a ba su littattafai, da masu ba ɗalibai shawara, da ajin da bai cika maƙil ba.

11. Ana sanar da iyaye cewa malamin ɗansu na da bindiga?

A wurare da yawa ba a yi. Dokar Tennessee ta ce sai shugaban makaranta, da daraktan ilimi na gunduma, da shugaban 'yan sandan yankin sun amince, amma ba a bayyana wa iyaye ko sauran malamai sunan wanda ke ɗauke da ita. Hujjar ita ce kada mahari ya san wanda zai fara harbi. Iyaye da dama sun ce ba za su yarda a ɓoye musu abin da ke cikin ɗakin da ɗansu ɗan shekara 6 ke wuni ba. Manyan gundumomin jihar, har da ta Nashville, sun ce ba za su yi amfani da dokar ba.

Kamfanonin inshora ma sun taka rawa. Da Kansas ta yi dokarta a 2013, kamfanin da ke kula da yawancin makarantun jihar ya ce ba zai ɗauki nauyin makarantar da ta ba ma'aikatanta makami ba, sai tsarin ya tsaya cak. Mai neman sanin halin da makarantar ɗansa ke ciki a Amurka ya nemi rubutacciyar manufar hukumar ilimi ta gundumarsa, ko ya halarci zamanta, wanda a buɗe yake ga jama'a.

12. Me ya hana Majalisar Amurka ta tsaurara dokar mallakar bindiga kawai?

Tsarin Majalisar Dattawa. Kafin a rufe muhawara a kaɗa ƙuri'a kan yawancin dokoki sai an samu sanatoci 60 cikin 100, kuma kowace jiha sanata biyu gare ta, ko mutanenta rabin miliyan ne ko miliyan 39. Jihohin karkara masu son bindiga na da ƙarfin da ya fi yawansu. Bayan Sandy Hook, ƙudurin faɗaɗa binciken tarihin mai sayen bindiga ya samu ƙuri'a 54 a Afrilun 2013, amma ya faɗi. Jam'iyyar Republican ta fi karkata ga ƙarfafa makarantu da makami, Democrat kuma ga rage sauƙin samunsa, sannan ɗan takarar Republican ya fi tsoron zaɓen fitar da gwani fiye da babban zaɓe.

Sai bayan Uvalde aka ɗan motsa. A Yunin 2022 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar da ɓangarorin biyu suka haɗu a kai, mafi girma cikin kusan shekara 30. Ta ƙara bincike kan masu sayen bindiga 'yan ƙasa da shekara 21, ta ware kuɗi don lafiyar ƙwaƙwalwa a makarantu, ta kuma tallafa wa jihohin da ke da dokar karɓe bindiga na ɗan lokaci daga hannun wanda kotu ta ga yana da haɗari. Fulorida kanta, duk da 'yan Republican ke mulkinta, ta ɗaga shekarun sayen bindiga zuwa 21 a cikin dokar da ta kafa shirin da aka ambata a amsa ta 4.

13. Akwai wata ƙasar da ta gwada wannan?

Pakistan ita ce misalin da ya fi kusa da halin da muke ciki. Bayan 'yan Taliban sun kashe kusan mutum 150, yawancinsu yara, a makarantar sojoji ta Peshawar ranar 16 ga Disambar 2014, gwamnatin lardin ta bar malamai su zo aiki da bindiga, har aka riƙa koya wa malamai mata harbi. Bayan 'yan watanni, wani malami a yankin Swat ya kashe ɗalibinsa bisa kuskure yana goge bindigarsa. A Janairun 2016 kuma, da aka kai hari jami'ar Bacha Khan da ke Charsadda, wani malamin kimiyyar sinadarai, Syed Hamid Husain, ya fuskanci maharan da ƙaramar bindigarsa, ɗalibai suka samu damar tserewa, shi kuma aka kashe shi. An rasa kimanin mutum 20 a ranar. Labaran biyu duk gaskiya ne, kuma daga tsari ɗaya suka fito.

Birtaniya da Ostireliya wata hanyar suka bi. Bayan an kashe yara 16 da malamarsu a Dunblane a 1996, Birtaniya ta haramta kusan duk ƙananan bindigogi a 1997. Ostireliya kuma, bayan kisan mutum 35 a Port Arthur a shekarar 1996 ɗin, ta saye bindigogi sama da 600,000 daga hannun jama'a ta lalata.

14. Mu da ake kwashe mana ɗalibai, wannan ba zai taimake mu ba?

Kwana biyar bayan Parkland, ranar 19 ga Fabrairun 2018, aka sace 'yan mata 110 a Dapchi. Kafin nan an kashe ɗalibai 59 a Buni Yadi, an sace 276 a Chibok, duk a 2014. Daga Disambar 2020 abin ya koma arewa maso yamma da ta tsakiya: sama da 300 a Ƙanƙara, sai Kagara, 279 a Jangebe, Afaka, Islamiyyar Tegina, Birnin Yawuri, sai Kuriga a Maris na 2024, sai Maga da Papiri a Nuwambar 2025. Uban da ya kwana a ƙofar makaranta yana jiran labarin 'yarsa, in ya ce a ba malamai bindiga, ba wanda zai ga laifinsa.

Amma matsalarmu ba irin ta Amurka ba ce. A can mutum ɗaya ne, yawanci ɗan gida, kuma kisa ya zo yi. A nan gayya ake yi, mutum gommai ko fiye da ɗari a kan babura, kowa da AK-47, wani lokaci har da manyan bindigogi, kuma yara suka zo kwasa don kuɗin fansa. Malami biyu ko uku da bindigar farauta ba za su tare wannan runduna ba. A Birnin Yawuri akwai 'yan sanda masu makami, an kashe ɗaya daga cikinsu aka wuce da ɗalibai. Idan aka buɗe wuta a tsakiyar ɗakin kwanan yara da tsakar dare, satar da ake fatan ta ƙare da dawowarsu tana iya komawa jana'iza.

Akwai wani haɗarin kuma. Bindiga a dajin Zamfara ko Katsina dukiya ce da ake kashe mutum don a ƙwace ta. Da zarar an san malamin ƙauye kaza na da ita, an mayar da shi abin farauta, a makaranta da gidansa da kan hanyarsa ta zuwa kasuwa. Malaman karkara da ma suna neman canjin wurin aiki saboda tsoro, wasu na bin gwamnati bashin albashi. Ɗora musu wannan nauyi zai ƙara korar su ne daga ƙauyukan da suka fi buƙatarsu.

15. Me dokar Najeriya ta ce?

Dokar makamai ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta raba bindigogi gida uku. Na yaƙi irin su AK-47 ba mai riƙe su sai da izinin shugaban ƙasa. Irin na farauta masu harsashi sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Na toka kuma, irin na mafarautan gargajiya, suna ƙarƙashin kwamishinan 'yan sandan jiha. Babu wani tanadi na musamman ga malamai, kuma gwamna ba shi da ikon ba da lasisin biyun farko.

An ga haka a aikace. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina ya yi kira ga jama'a su nemi makami su kare kansu. A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta ce mutane su nemi lasisin bindiga, nan take babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Malamin da ya shiga aji da bindiga ba lasisi, ko da niyyarsa kare yara ce, laifi ya aikata a idon doka.

16. To a girke sojoji ko 'yan sa-kai a makarantu mana?

Tsaro na wajen katanga daban, na cikin aji daban. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Kare Makarantu da aka ƙaddamar a Oslo a 2015, har ta karɓi baƙuncin taronta na duniya a Abuja a 2021. Ɗaya daga cikin gargaɗin yarjejeniyar shi ne mayar da makaranta sansanin masu makami yana jawo mata hari. A 2023 an buɗe cibiyar tsara tsaron makarantu ƙarƙashin hukumar Sibil Difens. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a farkon 2024, kuma maganar 'yan sandan jihohi, wadda sai an gyara kundin tsarin mulki, ta sake zafi saboda irin waɗannan hare-hare. Masu ɗari-ɗari da ita na tsoron gwamnoni su mayar da su karnukan farautar 'yan adawa, masu son ta kuma na cewa ɗan gari shi ya san hanyoyin dajinsa.

Sai dai abin da ya fi maimaituwa a labaranmu shi ne gargaɗin da ba a ɗauka ba. Ƙungiyar Amnesty ta ce sojoji sun samu labari fiye da awa 4 kafin a shiga Chibok. An janye sojoji daga Dapchi makonni kaɗan kafin harin. A Maga, gwamnan Kebbi da kansa ya ce an janye jami'an da aka girke jim kaɗan kafin maharan su iso, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da 'yan mata 25. Kamar yadda amsa ta 9 ta nuna game da Amurka, a nan ma sau da yawa akwai wanda ya sani tun kafin ranar.

17. Ni uba ne, 'yata na makarantar kwana. Me ya kamata in tambayi hukumar makarantar?

Fara da katanga da ƙofa: an kewaye makarantar duka, ko bayanta a buɗe yake ga daji? Masu gadi nawa ne da dare, kuma suna da wayar da ke da caji da sabis? Tambayi nisan ofishin 'yan sanda ko sansanin soja mafi kusa, da ko shugaban makarantar na da lambar DPO da ta kwamandan yankin a hannunsa, da ko an taɓa gwada kiransu da dare an ga cikin minti nawa suka iso. Tambayi ko yaran sun san inda za su nufa in suka ji harbi, domin a Ƙanƙara ɗalibai da yawa sun tsira ne ta hanyar tsallake katanga.

Sannan ka tambayi abin da ya fi muhimmanci: idan mai unguwa, ko ɗan acaɓa, ko manomi ya ga baƙin babura na taruwa a bakin daji, wa zai faɗa wa, kuma wa ke da ikon sallamar ɗalibai a ranar ba tare da jiran takarda daga ma'aikatar ilimi ba? Ku kai waɗannan tambayoyi taron iyaye da malamai, a rubuta amsoshin, a sa ranar da za a dawo a duba abin da aka yi. In makarantar na bakin daji kuma ba a samu gamsasshiyar amsa ba, iyaye na da haƙƙin neman a mayar da ita ta jeka-ka-dawo, ko a haɗe ɗaliban da wata makarantar a cikin gari, kamar yadda wasu jihohin arewa suka yi bayan hare-haren 2021.